Mawaƙin da Ba Ya Ganin Idon Jama'a

Duk inda aka zauna zancen finafinan Hausa da waƙoƙin wannan zamani, a majalisar ƙofar gida ko a shirin rediyo na kiran waya, magana biyu ce ke fitowa. Wasu su ce tarbiyya ce ta lalace, shi ya sa abin da ake yi bai da ma'ana; wasu kuma su ce jari ne babu, domin ba a yin abin kirki da aljihu wayam. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma a ganina akwai dalili na uku wanda ya fi waɗannan biyun tasiri, kuma ba a cika ambatonsa ba: mai wasa da mai kallo sun daina haɗuwa a wuri guda. Mawaƙi yana rera waƙarsa a ɗakin da bai fi taku huɗu ba, daga shi sai mai kwamfuta, mai shirya fim kuma yana sakin aikinsa a intanet ya koma yana ƙirga yawan waɗanda suka danna. Babu ɗayansu da ke ganin fuskar mutumin da ake yi wa aikin a lokacin da aikin ke isa gare shi, kuma wannan rashin ganin ido shi ne ya rage wa waƙar da fim ɗin armashi baki ɗaya.

Manyan makaɗan da har yau muke alfahari da su a fili suka koyi sana'arsu, a gaban mutanen da ba sa ɓoye abin da ke ransu. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu da 'yan amshi ya yi shekaru yana zagaya garuruwa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Musa Ɗanƙwairo da kotso ya tsaya a gaban sarakuna, Ɗanmaraya Jos da ɗan kuntiginsa shi kaɗai yake cika dandali, Barmani Choge kuma ta riƙe taron mata da kiɗan ƙwarya har zuwa rasuwarta a 2013. Abin da ya haɗa su shi ne cewa waƙarsu ba ta gama haɗuwa sai an zo wurin taro. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗan kalangu ya san yadda abin yake: uban kiɗi yana matse tsarkiya a hammatarsa yana sassautawa, ganga tana faɗin sunan mutumin da ya shigo tun kafin mawaƙi ya buɗe baki, sanƙira yana tsallakowa tsakiya yana jero asalin baƙon da sunan kakansa, mawaƙin kuwa yana lura da wanda ya gyaɗa kai da wanda ya fara duba hanya. Idan ɗango ya zauna, sai ya maimaita shi sau uku ko huɗu, 'yan amshi su ɗaga murya. Idan ya ga jama'a sun yi sanyi, nan take ya yar da shi ya ɗauko wani. Baitin da ya tsira daga irin wannan tankaɗe dare bayan dare, gari bayan gari, shi ne wanda daga baya aka naɗa a gidan rediyo ko a faifai. Abin da muke ji a kaset yau tataccen abu ne da dubban kunnuwa suka riga suka gyara.

A gidan bikin yau kuwa, musamman a manyan garuruwa irin su Kano da Kaduna da Katsina, abin da ake kira zuwan mawaƙi wani abu ne daban. Ana kafa manyan lasifiku, a tayar da janareta, mai kiɗan na'ura ya zauna da kwamfutarsa. Can wajen ƙarfe tara mawaƙi ya iso da yaransa, ɗayansu ya miƙa filashi, a kunna waƙar da aka naɗa wa amarya da ango tun makon jiya. Shi mawaƙin yana riƙe da makirufo yana motsa baki yana rangaji, lokaci-lokaci ya kutsa da ainihin muryarsa ya ce a ɗaga hannu, mutane kuma suna liƙi suna ɗaukarsa a waya. Idan janareta ya shaƙe, sai wurin ya yi tsit, mawaƙin ya tsaya yana murmushi yana jiran a gyara, domin babu abin da zai iya yi da bakinsa kawai. Ba na ganin laifin yaran nan kacokan, saboda haka suka tarar da sana'ar, kuma da yawansu suna da fasahar tsara baiti wadda ba a raina ta. Sai dai mutumin da bai taɓa riƙe taro na awa ɗaya da numfashinsa ba, bai san inda waƙarsa ke da rauni ba, kuma babu mai gaya masa.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, finafinan bidiyo suka fara bunƙasa a Kano, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 waƙa da rawa sun zama ginshiƙin cinikinsu. Mai shirya fim da ke buƙatar waƙoƙi uku ko huɗu cikin mako guda ba zai iya tara makaɗa goma ya ciyar da su ya sallame su ba, alhali ga fiyano ƙirar Yamaha wadda mutum ɗaya zai zauna a gabanta ya fitar da amon ganga da sarewa da goge. Arha ce ta yi aikinta, kuma arhar nan ta buɗe ƙofa ga matasa da yawa waɗanda ba 'ya'yan makaɗa ba ne, waɗanda a tsohon tsari da ba za su taɓa samun shiga ba. Wannan alheri ne, ba na musunsa. Daga baya kuma aka samu manhajar da ke daidaita murya, wadda ke ɗaukar muryar da ta kauce ta mayar da ita kan layi, har aka kai matsayin da idan ka ji waƙoƙi biyar a jere a cikin Adaidaita Sahu, da ƙyar ka rarrabe mawaƙi ɗaya da wani. Na'urar da aka kawo don ta taimaka wa mawaƙi ita ce ta ɗauke masa wahalar da ke mayar da shi gwani.

Masu cewa ai zamani ne ya canja, matasa ba sa son kiɗan gargajiya, ina ganin ba su leƙa wuraren da kiɗan ke raye ba. A filin dambe, ko a Kano ko a Dei-Dei ta Abuja, har gobe kalangu ne ke tayar da ɗan dambe, kuma yawancin masu cika wurin samari ne da wayoyinsu a hannu. A Jamhuriyar Nijar, gasar kokawar takobi da ake yi tsakanin jihohi tana tara dubban mutane, makaɗa suna tsaye a bakin fili suna zuga 'yan kokawa da sunayensu, ƙasa gaba ɗaya tana bi ta rediyo da talabijin. A hawan salla, tambari da algaita da kakaki ba a taɓa maye gurbinsu da lasifika ba. A zawiyoyin Ƙadiriyya ana buga mandiri da hannu, masu bege kuma suna kwana suna yi da muryoyinsu a majalisi. Abin da waɗannan wurare suka yi tarayya a kai shi ne kowannensu yana da fili sananne, da lokaci sananne, da wani babba da ke tsaye a kansa, ko sarki ko shehi ko shugabannin wasa. Inda aka bar wa kiɗa wurin tsayawa, jama'a ba su guje shi ba. Wanda ya rasa wurin tsayawa shi ne kiɗan nishaɗi na talaka, irin wanda ake yi don a ji daɗi kawai bayan an tashi daga aiki, kuma shi ne ya koma cikin waya.

Abin da ya sami waƙa shi ne ya sami fim, sai dai ta wata hanyar. Mutanen Kano da suka manyanta suna tuna sinimomi irin su Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado, inda ake cika ana kallo tare, ana ihu tare, ana kuma fita ana gardama a kan abin da aka gani. Ko a zamanin kaset da faifan CD, kallo bai zama na mutum ɗaya ba, domin gida guda ne ke da bidiyo, yaran layi duka su taru a tsakar gida, uwar gida tana tsokaci, kishiyarta tana mayar mata. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata su ma wani irin alƙalai ne, saboda kafin su zuba kuɗi a kan fim sai sun auna ko zai shiga, kuma suna jin ƙorafin masu saye kai tsaye a bakin shago. Da masu tura finafinai a waya suka yawaita, ga kuma finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa suna cin kasuwa, cinikin faifai ya durƙushe, masana'antar ta shiga wani hali har wasu suka bar ta. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta nuna cewa shiri mai dogon zango zai iya riƙe masu kallo, sannan daga wajajen 2020 kusan kowa ya karkata zuwa YouTube. Babu mai gardama cewa wannan sauyi ya ceci aikin dubban mutane, daga jarumai zuwa masu riƙe fitila, kuma ya kai finafinan Hausa ga 'yan'uwanmu da ke Saudiyya da Sudan da Ghana a rana ɗaya da mutumin Fagge.

Amma kowace kasuwa tana da abin da take koya wa mai sayarwa. YouTube tana biya ne gwargwadon tallan da aka gani, talla kuma yana ƙaruwa da tsawon lokacin da mutum ya ɗauka yana kallo, sannan abin da ake biya a kan mai kallo daga Najeriya bai kai na mai kallo daga Turai ba. Saboda haka mai shiri yana da buƙatar mintuna masu yawa da makonni masu yawa, kuma wannan buƙata ita ce ke rubuta labarin a yawancin finafinan da nake gani a 'yan shekarun nan. Za ka ga Alhaji ya fito daga ɗaki, an nuno shi yana saukowa daga bene taka ɗaya-ɗaya, ya shiga mota, maigadi ya buɗe ƙofa, motar ta fita, an bi ta da kyamarar sama har ta sha kwana, duk wannan kafin a faɗi kalma ɗaya. Idan ya isa inda za shi, sai a zauna a falo a maimaita wa wani abin da mai kallo ya riga ya gani da idonsa a makon jiya, a ƙarƙashin wani sautin fiyano mai ban tausayi wanda ba ya sauka daga farkon fitowa har ƙarshenta. Labarin da zai ƙare lafiya a kashi goma sha biyu sai a ja shi zango bayan zango, a kashe wanda bai kamata ya mutu ba, a dawo da wanda aka riga aka binne. Da a ce a zaure ɗaya ake nuna wannan a gaban mutum ɗari uku, da tun a minti na goma darakta zai ji kujeru suna motsi, ya ga ana fita shan iska, kuma da ba zai sake ba. A waya kuwa mai kallo yana tura hoton gaba da yatsa ne ya wuce wurin, na'ura ta ƙirga shi a cikin waɗanda suka kalla, mai shiri ya ga adadi ya ɗauka an yaba.

Ba ina cewa babu aikin kirki ba. Akwai marubuta a masana'antar da suka iya saƙa zance irin na tsakar gida har ka manta wasa ake yi, kuma hoto da sauti sun inganta ƙwarai idan aka kwatanta da shekaru goma sha biyar da suka wuce. A 2024 an zaɓi Mai Martaba, fim ɗin Hausa da aka ɗauka a Daura, ya wakilci Najeriya a neman shiga gasar Oscar, a shekarar da aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya. Waɗannan abubuwa ne na a yi murna. Sai dai tambayar da ta dame ni a lokacin ita ce, mutumin Gumel ko Funtuwa ko Maraɗi da ya ji labarin fim ɗin a rediyo, a ina zai je ya zauna ya gan shi a babban allo? Fim ɗin da aka yi don majigi yana buƙatar majigi, kuma a faɗin ƙasar Hausa ɗakunan kallon da suka rage ba su taka kara sun karya ba. Muna iya yin fim ɗin da za a aika Amurka, amma ba mu da inda za mu nuna wa junanmu shi.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Za a ce wuraren nan ba haka kawai aka guje su ba: sinima ta yi suna da tara 'yan shaye-shaye, gidajen gala sun yi suna da cakuɗuwar maza da mata da raye-rayen da ba su dace ba, taron dare kuma a yanzu yana jawo 'yan daba da masu ƙwacen waya. Uban da ya hana 'yarsa zuwa irin waɗannan wurare bai yi laifi ba, ni ma ba zan bar tawa ta je ba. Inda na saba da masu wannan magana shi ne a kan maganin. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, mafi yawan abin da jama'a ke ji daga ɓangaren hukuma shi ne an hana, an rufe, an dakatar. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a garin Ƙofa na jihar Kano bayan malamai da jama'a sun nuna adawa. A 2025 hukumar tace finafinan ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 a lokaci guda saboda ba su bi ta hannunta ba kafin a sake su. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da hujjar da aka bayar, kuma wasu hujjojin suna da ƙarfi. Amma idan aka tara su wuri guda, sakamakon shi ne an kori nishaɗi daga fili, inda dattijo zai iya wucewa ya gani ya tsawata, an tura shi cikin wayar da yarinya ke riƙe da ita a ƙarƙashin bargo da ƙarfe ɗayan dare, inda babu hukumar da ke iya leƙawa. Abin da ake gani a TikTok yau ya fi duk abin da aka taɓa yi a dandalin gari muni, kuma babu ƙofar da za a sa wa kwaɗo.

Abin da nake ganin ya fi shi ne hukuma ta ɗauki rabin ƙarfin da take kashewa wajen hani ta mayar wajen tsara wuri. Ba sai an gina sabon abu ba, domin kusan kowace ƙaramar hukuma tana da ɗakin taro ko filin wasa da ke zaune a kulle mafi yawan shekara. A ba da izinin wasa tsakanin la'asar da isha'i, a ware ɓangaren iyali, a sa jami'an tsaro a ƙofa, a hana sayar da duk wani abin maye a kewayen wurin, wanda ya karya sharaɗi a karɓe izininsa shi kaɗai ba tare da an rufe na kowa ba. A cikin sharuɗɗan kuma ina so a sa guda ɗaya wanda ba na ɗa'a ba ne, na sana'a ne: duk wanda aka tallata cewa zai yi waƙa, to ya yi ta da bakinsa, da makaɗa a bayansa, ko na gargajiya ko na zamani. Mutumin da ya biya kuɗin shiga don ya ji mawaƙi, aka kunna masa abin da ke cikin wayarsa tun da ma, an cuce shi, kuma hana irin wannan cuta yana cikin aikin hukuma. A irin wannan ɗaki ne kuma mai fim zai iya nuna kashi biyu na farko na sabon shirinsa kafin ya ɗora a intanet, ya zauna a baya ya saurari inda aka yi dariya da inda aka yi tsaki.

Za a ce ina talaka ya ga kuɗin tikiti a wannan marra, bayan cire tallafin man fetur a 2023 da tsadar da ta biyo baya. Gaskiya ne aljihu ya yi zafi, amma kallon waya ma ba kyauta ba ne, musamman tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Mai bin shiri uku ko huɗu a mako ya san abin da yake kashewa a data, kuma kuɗin nan kamfanin waya ne ke cinye mafi yawansa. Gidajen kallon ƙwallo da ke kowane lungu sun isa shaida cewa matashi yana iya cire ɗan abin da ke hannunsa don ya zauna a benci cikin zafi tare da 'yan'uwansa, alhali yana iya ganin sakamakon wasan a wayarsa. Zaman taren yake saye.

Sauran aikin kuma namu ne, mu masu biki da masu suna da masu shirya fim. Iyalin da ke iya kama ɗakin taro na dubban ɗaruruwa, su yi anko kala uku, ba za su ce sallamar masu kalangu huɗu ko ƙungiyar mata masu ƙwarya ce ta gagare su ba. Abin da ya hana shi ne an sa wa ranmu cewa wannan kiɗan na ƙauye ne, sai a ranar da aka ware don kwaikwayon ƙauyawa ake neman sa, a yi masa dariya. Masu shirya fim su ma suna da dama a hannunsu wadda ba su amfani da ita. Har yanzu akwai masu gurmi da kukuma da garaya da sarewa a garuruwanmu, da yawansu 'ya'yan gidan kiɗa ne da suka gaji hannu, amma rashin kira ya sa wasu sun koma acaɓa, wasu dako, kayan kiɗan suna rataye fata tana bushewa. Darakta da zai ɗauki mai gurmi ɗaya ya shiga da shi situdiyo na yini guda, ya nuna masa fitowar da ake so a raka, ya bar shi ya bi ta da hannunsa, zai fita da sautin da babu wani shiri a YouTube da ke da irinsa, kuma abin da zai biya shi bai kai kuɗin hayar motar da ake nuno Alhaji yana fita da ita daga gida ba.